Wanda Ya Riƙe Iri: Matasanmu da Labaran Kufai

(Jawabin da aka gabatar a gaban ɗalibai da matasan ma'aikata a garin Jahun)

 

An nemi mu yi magana a kan wani irin ƙagaggen labari da ya cika kasuwar littattafai a Turai da Amurka, wanda kuma ƙannenmu na sakandare suka san shi ta hanyar finafinai da wayoyin hannu, ko da ba su taɓa riƙe littafinsa ba. Labari ne da ake buɗe shi bayan wata babbar masifa ta riga ta auku, ko yaƙi, ko annoba, ko ambaliya. Birane sun zama kango, babu hukuma, babu kasuwa, babu asibiti, sai 'yan tsirarun mutane da suka yi saura. Galibi tauraron labarin yaro ne ko yarinya mai shekara 15 ko 16, wanda tilas ya nemi ruwan sha da abinci da wanda zai amince da shi. Tun da farko ya kamata mu share wani ruɗani. Waɗannan labarai ba zancen tashin Alƙiyama suke yi ba, domin wannan saninsa yana wurin Allah shi kaɗai. Zancen rushewar zaman da aka saba suke yi, alhali rana tana ci gaba da fitowa. Saboda haka a wannan jawabi za mu kira su labaran kufai, domin kufai shi ne wurin da gari ya taɓa zama sa'an nan ya tashi, kuma duk inda aka ga kufai an san akwai waɗanda suka fita da rai suka kafa wani gari.

Tsoron da ya raini irin wannan rubutu a can sananne ne. Bayan da aka jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, aka kuma kusa gwabzawa tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a kan Kyuba a 1962, sai yaran waɗannan ƙasashe suka tashi da fargabar cewa wata safiya za a wayi gari babu komai. Marubuta suka ɗauki wannan fargaba suka mai da ita labari. A 1974 aka buga Z for Zachariah na Robert O'Brien, labarin wata yarinya da ta saura ita kaɗai a wani kwari bayan yaƙin nukiliya, har wani mutum ya iso, maimakon ya zame mata abokin zama sai ya zama abin gudu. A 2008 Suzanne Collins ta fito da The Hunger Games, inda hukumar da ta tashi a kan kangon Amurka take tara yara tana sa su kashe juna. Kafin su duka akwai Lord of the Flies na William Golding, na 1954, wanda ya nuna 'yan makaranta a tsibiri, babu babba ko ɗaya, suka koma farautar junansu.

Ba mu raina waɗannan littattafai ba, gwanaye ne suka rubuta su. Amma in aka tace da yawa daga cikinsu, darasin da zai saura a ƙasan ƙwarya shi ne: in duniya ta rikice, ɗan'uwanka shi ne babban abin tsoro, kuma mai makami shi ke kai labari. Wannan darasi muke so mu tuhuma a yau, domin abin da ya auku a zahiri bai goyi bayansa ba. A 1965 wasu samari shida 'yan ƙasar Tonga, a tekun Pasifik, suka ɗauki jirgin ruwa suka gudu daga makaranta, iska ta ɓatar da su, suka faɗa wani tsibiri da babu kowa mai suna Ata. Wata 15 suka yi a can kafin wani matuƙin jirgi ɗan Ostareliya ya tsince su a 1966. An same su sun raba aiki a tsakaninsu, sun yi lambu, sun riƙe wuta ba ta mutu ba, sun ɗora ƙafar ɗayansu da ta karye har ta warke. Watau abin da Golding ya ƙaga, rayuwa ta ƙaryata shi. Mu kuwa mutanen wannan kwari ba mu bukatar zuwa Tonga neman shaida, domin shaidarmu tana bakin kogi.

Ku dubi inda muke zaune. Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya ratsa ƙasar Jahun da Miga da Auyo, ya wuce Haɗeja ya barbazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru, sa'an nan ya haɗu da ruwan Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya nufi tafkin Cadi. Kakanninmu sun tsara rayuwarsu a kan numfashin wannan kogi. Da damina ya cika ya malala, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Da kaka ya janye, a bi danshinsa da wake da sauran amfanin rani, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa. Aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta Calawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, wannan babu musu. Amma sun sauya numfashin kogin. Malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani a hanyoyin da a da suke bushewa. Wannan ruwa da ba ya yankewa shi ya ba ciyawar kacalla, wadda wasu ke kira geranya, damar kafuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara yashi da laka, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. To, ruwan da aka toshe wa hanya ba ya komawa inda ya fito. Shekarar da sama ta yi yawa sai ya haura gaɓa ya shiga gonaki da gidaje, yayin da wasu garuruwan na can ƙasa suke jiran ruwan da ba ya isa gare su.

Abin da ya biyo baya kowa a ɗakin nan ya gani da idonsa. An yi ambaliya a 2012, an yi a 2018, an yi a 2020. A 2022 kuwa, shekarar da ruwa ya ci rayukan mutum fiye da 600 a Nijeriya, ya raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Hanyoyi sun yanke, inda mota ke bi ya koma sai kwalekwale, makarantun firamare suka zama masaukin waɗanda ɗakunansu suka zube. Manya daga cikinmu suna tune da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, kuma dukkanmu mun ji abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024. Wane ne ya tsare garuruwa a waɗannan darare? Samari ne suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, masunta suka kwashe tsofaffi da yara, mata suka haɗa tukunya ɗaya ga gidaje goma. An sami masu ɓoye hatsi da masu tsauwala kuɗin fito, ba mu ce ba a samu ba. Amma da su ne suka fi yawa, da yau babu wanda zai zauna a nan ya saurare mu.

Kafin ruwa ma mun san ƙarancinsa. Tsofaffin ƙasar Hausa sun ba yunwa sunaye kamar yadda ake raɗa wa yaro suna, don kada a manta. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta hallaka dubban mutane, akwai 'Yar Buhu ta 1927. Akwai farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda a cikinsu tafkin Cadi, da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya tsuke har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Akwai ciwon bushiya da ya share garken shanu wajen 1890, ya sake dawowa a 1983. Ga makiyayin da ya kwanta da shanu ɗari ya tashi da biyu, duniya ta riga ta rushe, ko da kasuwa tana ci a garin gaba.

Yanzu tambayar ita ce: da me waɗannan mutane suka tsira? Sun tsira da sani. Sun san cewa tafasa da yaɗiya da rama da zogale suna riƙe ciki, cewa ƙwallon goruba da murucin giginya abinci ne, cewa bado na cikin tafki ana cin 'ya'yansa da saiwarsa. Sun san 'ya'yan anza sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita, wanda ya yi gaggawa kuwa ya cutu. Sun san ana sussuka ƙarangiya a sami tsaba, ana tona gidan tururuwa a sami hatsi. Sun san gaiwa tana shigewa cikin laka ta kwanta har rani ya wuce tana cin jikinta, kuma mai ido yana gane inda take a busasshen tafki. Sun san wace jigawa ce ruwa bai taɓa hawa ba. Bayan wannan sani kuma akwai tsari: gayya, da rancen iri, da zakka, da haƙƙin maƙwabci, da ikon Sarkin Ruwa na hana su a wani tafki har lokacinsa ya yi. Sai mu tambayi kanmu, mu da muka yi shekara goma sha a aji: mutum nawa ne a cikinmu zai iya bambance ganyen da ake ci da wanda ke kisa? Wannan sani yana cikin kawunan tsofaffi, kuma kullum ana kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Ƙanenmu ya san yadda wata yarinya a Amurka take harba kibiya, bai san yadda kakarsa ta fitar da 'ya'ya bakwai daga yunwa ba.

A nan ne adabi yake da aiki. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi da Idon Matambayi, rubutun zube na Hausa yake tafiya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin yaro ne da aka raba da uwarsa aka ƙetare Sahara da shi, watau yaron da duniyarsa ta rushe. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya, ya nuna harshenmu ba ya gazawa wajen ƙaga abin da ido bai gani ba. Daga shekarun 1980 marubutan Kano, mata da maza, suka cika kasuwa da littattafan soyayya da zaman aure, suka koya wa dubban 'yan mata son karatu. Amma kogin nan da ke cin gidajenmu duk bayan 'yan shekaru, har yanzu bai sami wurin da ya dace da shi a ƙagaggun labaranmu ba. Abin da zai ƙara zaburar da mu shi ne, a 2007 Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta rubuta wa matasa The Shadow Speaker, ta kafa labarin a ƙasar Nijar ta shekarar 2070, bayan duniya ta sauya kama. Daga nesa an hango cewa ƙasarmu fagen irin wannan labari ce. Mu da ke cikinta muka yi shiru.

Kada kuma wani ya ce wannan baƙon abu ne a tarbiyyarmu. Tun muna makarantar allo muka ji ƙissar Annabi Nuhu, alaihis salam, da ɗufana da jirgi. Muka ji ta Annabi Yusuf, alaihis salam, da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na tsanani, da hatsin da aka bari cikin zangarniyarsa. A cikin Suratu Saba'i kuma akwai labarin mutanen da ambaliyar madatsar ruwa ta mai da lambunansu kufai. A ƙissoshin nan biyu na farko, tsira ta zo ne ta hannun wanda ya yi tanadi tun ana yi masa dariya ko tun ba a ga alamar komai ba, kuma tanadin nasa ya ɗauki wasu tare da shi.

Bari mu gwada zana irin labarin da muke nufi, don kada maganarmu ta tsaya a sama. A ce shekara 40 nan gaba, an yi damina uku a jere irin ta 2022. Gadoji sun tafi, wayoyi sun mutu, babu motar da ta zo daga Dutse ko Kano wata shida. Wata yarinya mai shekara 15 ta sami kanta a kan wata jigawa tare da ƙanenta da mutanen ƙauyuka uku da ba sa ga-maciji da juna saboda tsohuwar rigimar gona da burtali. Kafin kakarta ta cika, ta ɗaura mata wani ƙullin tsumma a ƙugu. Cikinsa mudu biyu ne na irin gero mai saurin nuna, irin da ya rage a duk yankin. Ƙanenta yana kuka da yunwa, idonsa ya faɗa. In ta daka irin nan, zai ci kwana huɗu. In ta riƙe shi har ruwa ya janye, mutum ɗari uku za su sami abin shukawa, amma ba ta da tabbacin yaron zai kai. Ga wani mai ƙarfi a sansanin ya fara zargin tana ɓoye wani abu. Ga wani yaro Bafulatani da ya san inda saniya ɗaya mai nono ta maƙale a wani tsibiri, amma ba shi da jirgi, jirgin yana hannun ɗan masuntan da ubansa ya taɓa kai uban wancan ƙara. Jama'a, a cikin wannan labari babu bindiga ko ɗaya, amma wane yaro ne zai ajiye shi bai kai ƙarshe ba? Kuma duk wanda ya gama shi ya san abin da manomi yake nufi in ya ce wane ya ci irinsa.

Ga masu niyyar ɗaukar alƙalami, muna da shawara uku. Ta farko, ku faɗi gaskiyar abu. In tauraronku zai sha ruwan ambaliya, to ya tafasa shi, ko kuwa amai da gudawa su kama shi kamar yadda suke kama mutane. In zai ceci mai gudawa, ya haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, domin wata rana wani mai karatu zai tuna da wannan a daren da babu likita. Ta biyu, kada ku mai da labari wa'azi ko takardar malamin gona. Yaro yana gane inda aka ɓoye masa magani cikin tuwo. Ku bar mutanen labarinku su yi kuskure, su yi rowa, su ji tsoro, su yi dariya, har su yi soyayya, domin ko a sansanin gudun ruwa ana ɗaura aure. Ta uku, kada ku rufe littafi da baƙin ciki tsantsa. Mai shekara 14 da ya ga ɗakin uwarsa ya zube ba ya bukatar a gaya masa duniya tana da wuya. Abin da yake nema shi ne ya ga wani kamarsa ya miƙe ya sake aza tubali.

Kafin rubutu kuwa akwai aikin da kowa zai iya, ko da bai da baiwar ƙaga labari. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da Bayero, da Ahmadu Bello, in kun zo hutu ku ɗauki littafi da biro, ko wayar nan da ke aljihunku, ku zauna gaban tsofaffin Jahun da Aujara da Harbo da Miga. Ku tambaye su abin da aka ci a 1973, da inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, da sunayen irin gero da dawa da shinkafa da aka daina shukawa. Ku tambayi mata musamman, domin su ne suka san abin da ya shiga tukunya. Ku kuma yayyenmu ma'aikata, na ofishin gona da na lafiya da na ƙaramar hukuma, akwai rahotannin ruwan sama da na ambaliya da ke kwance cikin fayil gara tana ci. Ku adana su, ku buɗe wa mai bincike ƙofa. Wanda kuma aka damƙa wa rabon kayan agaji a cikinku, ya sani cewa marubutan da muke kira a yau za su bukaci mugu a labarinsu, kada ya ba su samfuri.

'Yan'uwa, a ƙasar Haɗeja akwai Garun Gabas, wadda ake cewa ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai. Yau ƙaramin gari ce, alhali sunanta yana cikin tushen tarihin Hausawa. Garuruwa suna girma, suna ƙanƙancewa, wasu su tashi ɗungum, amma mutanen kwarin nan ba su ƙare ba, domin a kowane zamani an sami wanda ya ɗaure iri a ƙugu ya ƙi ci. Ƙannenmu su ne za su zauna da wannan kogi shekara 50 masu zuwa, da madatsunsa da kacallarsa da daminar da ba a san halinta ba. Hausawa sun ce tun kafin a yi daran aka yi kwanɗi, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Abin da kakanni suka sani shi ne irin da ke hannunmu yanzu. Muna roƙon wannan ƙungiya ta ware shafi a mujallarta domin gajerun labaran kufai da hirarrakin tsofaffi, ta kuma kai kofe makarantun sakandaren da ke bakin kogi, inda masu karatun gaskiya suke.

Allah ya kiyashe mu da ruwan da ya fi ƙarfinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.